Yadda Ake Kwashe Rumbun Bayanai Daga Kwamfutarka Zuwa Sabar Haya Ba Tare Da Ka Zubar Da Komai A Hanya Ba

Muddin manhajarka tana kan kwamfutar da ke gabanka, ita da rumbun bayananta zaman gida ɗaya suke yi, komai na tafiya sumul. Ranar da ka ce za ka kai rumbun kan sabar da ka yi haya domin wasu su riƙa shiga daga nesa, ranar za ka gane cewa akwai abubuwa da yawa da kwamfutarka take yi maka a ɓoye ba ka sani ba. Kwashewar kanta umarni uku ne ko huɗu. Abin da ke cin lokaci, kuma abin da ya cancanci ya ci lokacin, shi ne tabbatar da cewa abin da ya isa can daidai yake da abin da ya bar nan.

Zan yi bayanin da MySQL da ƙanwarta MariaDB, manhajojin da ke kula da rumbun bayanai, domin su suka fi yawa a hannun masu gina shafuka da ƙananan manhajoji, sannan in taɓo PostgreSQL a gaba. A misalan, sunan rumbun `rajista`, sai ka musanya da naka.

Mataki na 1: San abin da ke hannunka da inda za ka kai shi

Kafin ka taɓa komai, buɗe rumbun da ke kwamfutarka ka yi masa waɗannan tambayoyi, ka rubuta amsoshin a takarda:

```
SELECT VERSION();
SELECT @@sql_mode, @@global.time_zone, @@lower_case_table_names;
SELECT table_name, engine, table_collation,
       ROUND((data_length + index_length)/1024/1024, 1) AS mb
FROM information_schema.tables
WHERE table_schema = 'rajista';
```

Sai ka shiga sabar ka yi mata tambayoyi biyun farko. Duk inda amsa ta bambanta, nan ne wahala za ta fito, gara ka gan ta tun yanzu.

Amsar farko takan ba mutane mamaki. Da yawa masu amfani da XAMPP, kunshin da ke girka sabar gwaji a kwamfuta, sun ɗauka MySQL suke da ita, alhali MariaDB ce a ciki. Tushensu ɗaya, amma sun daɗe da raba hanya, kuma kowacce tana da abubuwan da ɗayar ba ta gane ba. Haka ma batun siga: ɗaukar bayanai daga tsohuwar siga zuwa sabuwa yawanci ba ya ba da wuya, komawa daga sabuwa zuwa tsohuwa shi ne mai ƙaya. Idan kamfanin haya ya ba ka zaɓi, kada ka ɗauki MySQL 5.7, tun watan Oktoban 2023 aka daina fitar mata da gyaran tsaro.

Ka kuma san irin hayar da ka yi, domin iri uku ce. Akwai ta haɗaka, inda ku da yawa kuke kan inji ɗaya, aka ba ka cPanel, shafin sarrafa asusunka, da phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbu. Akwai sabar da aka damƙa maka gaba ɗaya, kana shiga ta SSH, wato ɓoyayyiyar hanyar ba inji umarni daga nesa, kana girka abin da ka ga dama. Akwai kuma rumbun da kamfani ke kula da shi da kansa, irin Amazon RDS ko Google Cloud SQL, inda adireshi da lambar ƙofa da kalmar sirri kawai za a ba ka, ba za ka taɓa shiga cikin injin ba.

Mataki na 2: Ƙirga kayanka

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi na fi so ka riƙe. Yi `SELECT COUNT(*)` a kan kowane tebur, ka adana adadin. Kada ka dogara da lambar da phpMyAdmin ke nunawa a gefen sunan tebur, ko ta `table_rows` da ke cikin `information_schema`, domin a teburan InnoDB (nau'in teburin da ginshiƙin `engine` ya nuna maka a matakin farko) kintace ne, yakan kauce wa gaskiya da tazara mai yawa. Idan teburan suna da yawa, sa rumbun ya rubuta maka tambayoyin da kansa:

```
SELECT CONCAT('SELECT ''', table_name, ''', COUNT(*) FROM `', table_name, '`;')
FROM information_schema.tables
WHERE table_schema = 'rajista' AND table_type = 'BASE TABLE';
```

Kwafe abin da ya fito, ka ajiye shi a fayil mai suna `kirga.sql`. Sau biyu za ka gudanar da shi, nan da can. Idan akwai teburin kuɗi, ƙara `SUM` na ginshiƙin kuɗin a ciki. Sannan zaɓi layuka biyar ko shida da ka sani da ido, masu ɗauke da haruffa masu ƙugiya, da alamar murmushi irin ta waya idan akwai, da kwanan wata, ka rubuta lambobinsu. Su ne shaidunka idan an isa.

Mataki na 3: Fitar da bayanan

Idan har kana iya buɗe tagar umarni, `mysqldump` ya fi maɓallin fitarwa na phpMyAdmin aminci. A sababbin sigogin MariaDB sunansa `mariadb-dump`, aikin ɗaya ne.

```
mysqldump -u root -p --single-transaction --routines --events --triggers \
  --hex-blob --default-character-set=utf8mb4 --no-tablespaces \
  --result-file=rajista.sql rajista
```

Kowane zaɓi a nan da dalilinsa. `--single-transaction` yana ɗaukar hoton rumbun yadda yake a lokaci guda ba tare da ya kulle teburan ba, amma a InnoDB kaɗai yake aiki. Idan jerin da ka fitar a matakin farko ya nuna maka teburan MyISAM, to sai ka tabbatar babu mai rubutu a lokacin. `--routines` da `--events` suna kwaso ayyukan da aka adana a cikin rumbun da waɗanda ke tashi bisa agogo. Idan ba ka ambace su ba, `mysqldump` zai bar su a baya kuma ba zai ce maka uffan ba, sai bayan kwanaki ka lura rahoton da ke haɗa kansa kowane dare ya daina fitowa. `--hex-blob` yana kare hotuna da fayilolin da aka cusa cikin tebur daga lalacewa. `--no-tablespaces` kuma yana kauce wa ƙorafin rashin izinin `PROCESS` da sababbin sigogi ke yi.

Lura cewa na sa `--result-file` maimakon alamar `>` da za ka gani a wurare da yawa. A Windows, tsohon PowerShell yakan juya duk abin da aka tura ta wannan alama zuwa UTF-16, fayil ɗin ya kusa ninka girmansa, sabar kuma ta ƙi karanta shi. Haka kuma da gangan ban sa `--databases` ba. Wannan zaɓi yana rubuta sunan rumbun a cikin fayil ɗin, alhali a sabar haɗaka ba kai ke da cikakken iko da suna ba: cPanel yakan liƙa sunan asusunka a gaba, `rajista` ta koma wani abu kamar `asusu_rajista`. Fayil marar suna a ciki yana shiga duk rumbun da ka nuna masa.

Idan rumbunka MySQL ne mai amfani da GTID, wato lambar shaida da ake ba kowane canji a rumbu, ƙara `--set-gtid-purged=OFF`. Idan kuma `mysqldump` na siga ta 8 ya yi maka ƙorafin `COLUMN_STATISTICS` saboda yana magana da tsohuwar sabar ko MariaDB, ƙara `--column-statistics=0`.

Da ya gama, duba ƙarshen fayil ɗin:

```
tail -n 1 rajista.sql
```

Dole ka ga layin da ya fara da `-- Dump completed on` da kwanan wata. Idan babu shi, fitarwar ta katse a tsakiya, wataƙila faifai ya cika, kada ka yi gaba da wannan fayil.

Abu ɗaya da ba ya bin fayil ɗin ko kaɗan shi ne asusun masu shiga rumbun da izininsu. Waɗannan a wani wuri dabam suke, sai ka ƙirƙire su sabo a can.

Tsaya nan: batun haruffa

A nan zan ɗan daɗe, domin nan na taɓa ƙonewa. Na kwashe wani rumbu mai sunayen mutane da adireshinsu, komai ya shiga ba tare da kuskure ko ɗaya ba, adadin layuka ya yi daidai, na rufe kwamfuta hankalina kwance. Washegari aka turo mini hoton allo: inda ya kamata a ga "ƙasa" an ga `Æ™asa`, "ɗaki" ya zama `É—aki`. Zuwa lokacin mutane sun riga sun shigar da sababbin bayanai a kan gurɓatattun, tsoho da sabo sun cakuɗe a tebur ɗaya. Abin da da minti goma zai ɗauka kafin kwashewa sai da ya cinye mini kwana biyu, kuma abin da ya fi damuna shi ne sunayen mutane ne, wasu har an buga su a takarda a hakan.

Ga abin da ya faru. Harafin ƙ a tsarin UTF-8 bayit biyu ne, `C6` da `99`. Tsoffin teburan an gina su a kan `latin1`, wanda ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Tsohuwar manhajar tana zuba bayit biyun tana kuma kwaso su yadda suke, don haka shekara da shekaru babu wanda ya ga matsala. Da na fitar da su a matsayin `utf8mb4`, sai MySQL ta yi abin da take ganin daidai ne: ta ɗauki `C6` ta ce Æ ne, ta ɗauki `99` ta ce ™ ne, ta juya kowanne dabam.

Saboda haka idan jerin matakin farko ya nuna `latin1` a wani tebur alhali kana ganin haruffa masu ƙugiya lafiya lau a manhajarka, wannan tarkon ne ke jiranka. Maganinsa shi ne ka fitar da bayit ɗin yadda suke, kada a juya su:

```
mysqldump -u root -p --single-transaction --routines --events --hex-blob \
  --default-character-set=latin1 --skip-set-charset \
  --result-file=rajista.sql rajista
```

Sannan a cikin fayil ɗin ka mayar da `CHARSET=latin1` zuwa `CHARSET=utf8mb4`, ka cire ko ka gyara duk `COLLATE` mai `latin1`, ka shigar da shi a matsayin `utf8mb4`. Wannan hanya ta dace ne idan duka teburan irin wannan hali suke ciki. Idan wasu `latin1` ne wasu kuma `utf8mb4` na gaskiya, raba su gida biyu ka fitar da kowane rukuni da tsarinsa.

Gani ya kori ji, kuma akwai hanyar gani. Bayan shigarwa, yi `SELECT suna, HEX(suna)` a kan ɗaya daga cikin shaidunka. Lafiyayyen ƙ zai fito `C699`. Idan ka ga `C386E284A2`, an juya shi sau biyu. Idan kuwa ka ga `3F`, wato alamar tambaya, harafin ya tafi ke nan daga wannan kwafin, sai an koma tushe.

Ƙarin abu ɗaya: abin da MySQL ta daɗe tana kira `utf8` bai wuce bayit uku ga harafi ba. Haruffanmu suna shiga, amma alamomin murmushi na waya bayit huɗu ne, ba sa shiga. Cikakken shi ne `utf8mb4`, wanda ya zo tun 2010 kuma ya zama na asali a MySQL 8.0 da ta fito a 2018. Da shi za ka ƙirƙiri sabon rumbun.

Mataki na 4: Gyara fayil ɗin idan da buƙata

Yi kwafi ka yi aiki a kansa, na asalin ka bar shi yadda yake. Kada ka buɗe babban fayil da Notepad ko Word. Abubuwa uku ne suka fi tare hanya.

Na farko, tsarin jera haruffa. MySQL 8 tana sa `utf8mb4_0900_ai_ci`, wanda MySQL 5.7 da yawancin sigogin MariaDB da ake samu a sabar haya ba su san shi ba, sai ka ga `ERROR 1273 Unknown collation`. Sababbin MariaDB ma suna da nasu, `utf8mb4_uca1400_ai_ci`, da MySQL ba ta sani ba. Wanda dukansu suka yarda da shi shi ne `utf8mb4_unicode_ci`:

```
sed -i 's/utf8mb4_0900_ai_ci/utf8mb4_unicode_ci/g' kwafi.sql
```

Na biyu, `DEFINER`. Duk `VIEW` ko `TRIGGER` ko `PROCEDURE` da ka gina yana ɗauke da sunan wanda ya gina shi, galibi `root@localhost`. A sabar haya ba ka da ikon ƙirƙirar abu da sunan wani, shi ne ke jawo `ERROR 1227`. Cire shi, abin zai koma hannun asusun da ke shigarwa:

```
sed -i -E 's/DEFINER=`[^`]+`@`[^`]+`//g' kwafi.sql
```

Na uku, tun 2024 `mariadb-dump` yana sa wani layi a saman fayil mai ɗauke da kalmomin `enable the sandbox mode`. Tsoffin sigogi da MySQL sukan yi tuntuɓe da shi. Share wannan layi na farko kawai.

Mataki na 5: Shirya masauki a sabar

A cPanel, akwai shafin ƙirƙirar rumbu da asusu. Ƙirƙiri duka biyun, sannan ka haɗa asusun da rumbun ka ba shi izini. Mutane sukan manta haɗawar nan, sai su yi ta fama da `Access denied` alhali kalmar sirrinsu daidai take. A sabar da ke hannunka gaba ɗaya kuwa:

```
CREATE DATABASE rajista CHARACTER SET utf8mb4 COLLATE utf8mb4_unicode_ci;
CREATE USER 'manhaja'@'localhost' IDENTIFIED BY 'doguwar-kalmar-sirri';
GRANT ALL PRIVILEGES ON rajista.* TO 'manhaja'@'localhost';
```

A kwamfutarka ƙila ka saba da `root` marar kalmar sirri. Wannan sabo ya tsaya a gida. Kwamfutarka tana bayan ƙofa, ita kuwa sabar a bakin titi take, kuma dare da rana akwai manhajojin da ke zagaya intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 3306, wadda MySQL ke sauraro a kai, suna gwada sanannun kalmomin sirri. Inda suka samu shiga sukan kwashe teburan su bar takardar neman fansa. Idan manhajar da rumbun suna kan inji ɗaya, bar `bind-address` a kan `127.0.0.1`, ƙofar ba za ta buɗe wa kowa daga waje ba. Idan dole wani inji ya shigo, ka buɗe wa adireshinsa shi kaɗai a katangar tsaro, kada ka ba asusu alamar `%` da ke nufin daga ko'ina.

Mataki na 6: Aika fayil ɗin

Fayil ɗin rubutu ne zalla, don haka yana matsuwa sosai. Matse shi, ɗauki zanen yatsansa, sannan ka aika:

```
gzip kwafi.sql
sha256sum kwafi.sql.gz
rsync -avP kwafi.sql.gz asusu@adireshin-sabar:~/
```

Na fi son `rsync` a kan `scp` saboda idan intanet ya yanke a tsakiya, ka sake umarnin zai ɗora daga inda ya tsaya. Da ya isa, gudanar da `sha256sum` a can, lambobin biyu su zama ɗaya. Kuma kada ka ajiye fayil ɗin a cikin `public_html` ko duk wata jakar da shafi ke nunawa, ko na minti biyar ne. Duk wanda ya cinki sunan zai sauke rumbunka sukutum.

Mataki na 7: Shigarwa

Shiga sabar ta SSH, ka fara buɗe `tmux` ko `screen`, domin idan layinka ya yanke aikin ya ci gaba a can. Sannan:

```
gunzip < kwafi.sql.gz | mysql -u manhaja -p --default-character-set=utf8mb4 rajista
```

Zai yi shiru yana aiki. Idan ya ci karo da kuskure zai tsaya ya faɗi lambar layin. Akwai zaɓin `--force` da ke sa shi ya tsallake kuskure ya wuce, ni dai ba na ba kowa shawarar sa, domin ƙarshenta rumbu mai giɓi za ka samu kuma ba ka san inda giɓin yake ba. Karanta kuskuren, gyara sanadinsa, share rumbun da `DROP DATABASE`, ƙirƙire shi sabo, ka sake daga farko.

Idan ka ga `ERROR 2006 MySQL server has gone away`, mafi yawan lokuta wani layi ne ya fi ƙarfin `max_allowed_packet`, wanda a 5.7 yake megabayit 4, a 8.0 kuma 64. Ɗaga shi a sabar, ko ka roƙi kamfanin su ɗaga maka. Idan `ERROR 3750` ne, sabar tana tilasta kowane tebur ya kasance da `PRIMARY KEY`, abin da wasu kamfanonin da ke kula da rumbu suke kunnawa. Koma gida ka ƙara wa teburin, ai dama ya kamata ya samu.

Wanda rumbunsa irin wanda kamfani ke kula da shi ne ba shi da inda zai ajiye fayil a can, daga kwamfutarsa zai tura kai tsaye, ta ɓoyayyiyar hanya, da takardar shaidar da kamfanin ya bayar:

```
gunzip < kwafi.sql.gz | mysql -h adireshin-rumbu -P 3306 -u manhaja -p \
  --ssl-mode=VERIFY_IDENTITY --ssl-ca=ca.pem rajista
```

Wanda kuma phpMyAdmin kaɗai yake da shi, ya duba iyakar girman fayil da aka rubuta a shafin shigarwa. Yana karɓar fayil matsattse, wannan yakan wadatar. Idan bai wadatar ba, a fitar da teburan rukuni-rukuni, ko a tambayi kamfanin su shigar da kansu, da yawa suna yi.

Ga masu PostgreSQL, tafiyar ɗaya ce, kayan aikin ne suka bambanta. Ƙofarta 5432:

```
pg_dump -Fc -f rajista.dump rajista
pg_restore --no-owner --no-acl --exit-on-error -h adireshi -U manhaja -d rajista rajista.dump
```

`--no-owner` shi ne takwaran cire `DEFINER`. `--exit-on-error` yana da muhimmanci, domin shi `pg_restore` ɗabi'arsa ita ce ya wuce kuskure ya ci gaba. Da an gama a gudanar da `ANALYZE`, in ba haka ba tambayoyi za su riƙa jan ƙafa a farko.

Mataki na 8: Kira shaidu

Gudanar da `kirga.sql` a sabar, ka ɗora sakamakon kusa da na gida, tebur bayan tebur. Duba jimlar kuɗi. Buɗe layukan nan biyar da ka ware, ka kalle su da ido da kuma `HEX`. Yi `SHOW PROCEDURE STATUS`, `SHOW TRIGGERS` da `SHOW EVENTS`, ka ga adadinsu ya cika. Idan kana da ayyukan agogo, tabbatar `event_scheduler` a kunne yake, domin a MariaDB a kashe yake zuwa.

Sannan juya manhajar ta fuskanci sabon rumbun: adireshi, lambar ƙofa, sunan rumbu, asusu, kalmar sirri, a cikin `.env` ko `wp-config.php` ko duk inda saitinta yake. Nan ne bambance-bambancen da ka rubuta a matakin farko za su fara magana.

Windows ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami a sunan tebur ba, Linux kuwa ta damu. Idan teburin `dalibai` ne amma a cikin manhaja ka rubuta `Dalibai`, a gida ya yi aiki, a sabar zai ce teburin babu shi. Gyara rubutun manhajar, domin a MySQL 8 ba a canza `lower_case_table_names` bayan an girka ta. Sai `sql_mode`: fayil ɗin yana sassauta ƙa'idoji lokacin shigarwa, don haka kwanan wata irin `0000-00-00` zai shige ba gardama, amma ranar da manhaja ta zo gyara wannan layi sabar mai tsauri za ta ƙi. Haka `ONLY_FULL_GROUP_BY` yakan karya tambayoyin da suka daɗe suna aiki a MariaDB. Sai agogo: sabar da yawa a kan UTC suke, wato agogon duniya na bai ɗaya, yi `SELECT NOW()` ka gwada da agogon hannunka. Idan kuma tsohuwar manhaja ta kasa shiga MySQL 8 tana ambaton `caching_sha2_password`, direbanta ne ya tsufa, sabunta shi.

Mai WordPress da ya canza adireshin shafi kada ya gyara adireshin da `sed` a cikin fayil. WordPress yana adana wasu saituna tare da adadin haruffansu, tsawon ya canza saitin ya lalace. `wp search-replace` na WP-CLI ya san yadda ake yi.

Akwai kuma batun nisa, wanda ba kuskure yake nunawa ba, nauyi kawai. A gida kowace tambaya tana dawowa nan take. Idan ka bar manhajar a wuri ɗaya rumbun a wata nahiya, a ce zuwa da dawowa na ɗaukar kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa, shafin da ke yin tambaya 200 zai ci daƙiƙa 10 kafin ya buɗe. Sa su a cibiya ɗaya. Kai kuma idan kana son leƙa rumbun daga kwamfutarka, bi ta cikin SSH maimakon buɗe ƙofa:

```
ssh -N -L 3307:127.0.0.1:3306 asusu@adireshin-sabar
```

Sai ka nuna wa manhajar leƙenka `127.0.0.1` da ƙofa 3307. Rubuta lambobin, kada ka rubuta `localhost`, domin a Linux wannan kalma tana sa MySQL ta bi soket, wato hanyar cikin inji, ta manta da lambar ƙofar, ka samu kanka a rumbun gida kana zaton a sabar kake.

Mataki na 9: Ranar ƙaura ta gaskiya

Idan babu mai amfani da rumbun sai kai, ka riga ka gama. Idan kuwa akwai masu shigar da bayanai kullum, to duk abin da ka yi zuwa yanzu gwaji ne, kuma haka ya kamata, ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin ya nuna maka kurakuran da za su taso da minti nawa aikin ke ci. Rubuta umarnin duka a jere yadda suka yi aiki.

Zaɓi lokacin da aiki ya lafa, sanar da mutane tun da wuri, sannan ka tsayar da rubutu gaba ɗaya. Hanyar da ta fi tabbas ita ce kashe manhajar ko sa ta a yanayin gyara. `SET GLOBAL read_only = ON` ba ya hana `root`, kuma manhajojin gida da yawa da `root` suke shiga. Bayan rubutu ya tsaya, sake ƙirga, sake fitarwa, gyara, aika, share rumbun gwaji, shigar, ƙirga, sannan ka juya manhajar. Shigar da layi ɗaya na gwaji ka tabbatar a sabon rumbun ya sauka.

Daga nan kashe tsohon rumbun, amma kada ka share shi. Kashewar tana da muhimmanci, domin idan wata kwamfuta a ofis ko wani aikin dare da ka manta da shi yana nan yana rubuta wa tsohon, gara ya yi kuskure a fili ka gani da ya ci gaba da zuba bayanai inda babu mai dubawa. Ka sani kuma cewa daga lokacin da aka fara rubutu a sabon, komawa tsohon yana nufin rasa abin da aka shigar a tsakani, shi ya sa duk binciken ya kamata ya ƙare kafin a buɗe wa mutane.

Share fayil ɗin `.sql.gz` daga sabar, ka ajiye kwafinsa a wurin da kai kaɗai ke isa. A daren farko saita `cron`, mai gudanar da aiki bisa agogo, ya riƙa fitar da kwafin ajiya kullum yana tura shi wani wuri dabam da sabar, ko da kamfanin ya ce yana yin nasa. Washegari ɗauko kwafin farko da ya fito, shigar da shi cikin rumbu wofi a kwamfutarka, ka gudanar masa da `kirga.sql`. Tsohon rumbun kuma bar shi a kashe har ƙarshen wata ya wuce, rahotannin wata sun fito daga sabon kuma masu duba su sun ce lissafi ya yi daidai.